Bijiman Rufin Majami'a

Bayan kakar bara, gidaje goma sha huɗu na masu bi a Rijiyar Kalgo, wani ƙauye tsakanin Bawdeta da Tasawa, suka haɗa abin da suka iya, suka sayi maruƙa biyu ramammu, ja da fari. Wasu sun ba da kuɗi, wasu dammunan gero, akwai wadda ta kawo kaji uku. Nufinsu a turke su wata shida, a sayar, a saya wa majami'a tol, wato kwanon rufi. Rufin ƙasar da ke kanta ya girmi yawancin masu zama ƙarƙashinsa. Azara biyu sun tsage, damanar da ta wuce ma sai da aka riƙa jera kwanoni a tsakar ɗaki ana tarar ɗiga.

A gidan Dabora aka kafa turakun. Gwauruwa ce, ta haura sittin, tana da babban gawo a bayan ɗakinta wanda inuwarsa ba ta yankewa duk rani. Kowane gida da ranar da yake kawo harawa ko dusa, amma ita ce ke jiƙawa, ta sa kanwa, ta share kashi, ta tsaya a kansu har su cinye. Zuwa watan Afrilu jan ya yi tozo har yana kwantawa gefe guda. Farin kuwa, da yake ya fi kwaɗayi, ta baya ya cika.

Wanda aka ɗora wa sayarwa shi ne Enoch. Ba su da fasto zaunanne. Mai wa'azi yakan zo daga Tasawa sau ɗaya a wata, sauran Lahadi Enoch ne ke buɗe ƙofa, ya yi karatu, ya rufe da addu'a. Manomi ne, bai taɓa riƙe dabbar da ta wuce jaki da tumaki ba, amma kowa ya ce shi ne mutumin da ba za a zarga ba. Wani kafinta ya ce tol da katako da ƙusa da ladan aiki za su ci jika ɗari bakwai da hamsin na sefa. Matthieu, wanda ke aiki a ɗakin shan magani na Bawdeta, kuma shi ke riƙe da littafin majami'a, ya ce babu damuwa, kowane bijimi zai kai jika ɗari huɗu, har canji za a samu.

Ran kasuwar Tasawa suka fita da sassafe, Enoch da wani dattijon Bafillace mai kora. Hantsi ya yi suka shiga. Abin da Enoch ya fara gani ramammun shanu ne, garke bayan garke, ƙasusuwa a waje, makiyayan arewa na tsaye kusa da su sun jingina da sanduna. Ciyawa ta ƙare musu da wuri, suna rage kaya kafin su fara faɗuwa. Ya ji daɗi a ransa, don ko'ina ya duba babu dabbar da ta kama ƙafar nasu. Mutane na juyowa suna kallon jan.

Jibo dillali ya tarye su. Tare suka taso da Enoch, a hannunsa ma aka sayi maruƙan. Ya zagaya su sau biyu, ya yaba, sannan ya ja abokinsa gefe ya nuna masa bakin hanya, inda kamiyo na kudu, manyan motocin ɗaukar shanu, ke jeruwa. Bara war haka sukan kai goma sha biyar, yau uku ne. Ya ce tun da aka rufe iyaka naira ta zube, yanzu ko da hanya ta buɗe, falken Katsina ko na Kano in ya canja kuɗinsa zuwa sefa, abin da ke saya masa bijimi bara maraƙi yake saya bana. Mahautan gari kuma sun ga ramammu sun yi arha, suna yanka biyu da kuɗin guda.

Duk da haka ba a jima ba wani falke mai farar riga ya zo. Ya tsunkuli gindin wutsiyar jan, ya danna haƙarƙari, ya buɗe bakin farin ya duba haƙora. Ya taya jan jika ɗari uku da goma, farin ɗari biyu da tamanin. Jibo ya ja shi, ya yi masa rantsuwa, ya yi kamar zai tafi, mutumin bai ƙara ko dala ba.

Enoch ya haɗa a ka. Ɗari biyar da casa'in. Ya koma bayan wata amalanke ya kira Matthieu.

"Kada ka sallama, Baba," in ji Matthieu. "C'est trop bas, ya yi ƙasa ƙwarai. Layya na tahe, farashi zai tashi. Kowace shekara haka ne."

Da ya dawo Jibo ya ce masa, "Enoch, tayin safe ne wanga. In rana ta yi tsaka ba ka sake jin irin shi."

"Ba nawa ba ne, Jibo. Na mutane ne."

Ya dubi falken ya ce albarka. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Har la'asar suna tsaye a rana. Mutum huɗu sun taya, babu wanda ya kai na farko. Suka kwance igiya suka kamo hanyar gida, shanun na haki, farin yana ɗingishi da ƙafar gaba. Dabora ta tarye su a bakin zaure. Ba ta tambayi dalili ba. Ta bi jikinsu da hannu daga wuya zuwa cinya, ta ce tafiyar yini guda ta cinye dusar kwana goma, ta shiga ta jiƙa musu abinci.

Daga ranar Enoch bai sake zama wuri guda ba. Ya samo lambar wani mai sayar da igiya a kasuwar Mayahi, da ta wani surukinsa a Kanambakashe, da ta wani direba mai zuwa Maraɗi. A ƙauyen ba a samun rezo na waya sai kan wani tudu bayan rijiya, ya riƙa hawansa sau uku, sau huɗu a rana. Yana cikin cin tuwo sai ya tsame hannu ya fita. Matarsa Hasana ta daina tambayarsa inda za shi, sai ta rufe kwanon ta ajiye.

Labarin bai taɓa zuwa iri ɗaya ba. Wannan mako a ce bijimin yanka ya ƙara jika goma sha biyar a Mayahi, mako na gaba a ce ya sauka da ashirin. Direban ya ce ya ji manyan fataken Legas suna hanya. Surukin ya ce a'a, shi ya ji za a sake rufe iyaka. Mai igiya kuwa kullum amsarsa guda ce, kasuwa ta ci amma ba ta yi daɗi ba. Sau biyu Enoch ya hau kabu-kabu da kuɗin aljihunsa ya tafi kasuwa ba tare da dabba ba, don kawai ya ji da kunnensa. Ya riƙa bin dillalai a baya, in an taya bijimi ya tsaya, ya gwada shi da nasu a ido, ya cire wannan ya ƙara wancan. A Mayahi ya ga an sayar da wani da bai kai jan ba jika ɗari uku da talatin, ya dawo gida da sauƙin rai. Kwana shida bayan nan a Tasawa ya ga wanda ya fi jan an bar shi a ɗari uku cif.

Maƙwabtansa sun gama sharar gona, sun kai taki. Tasa gonar tana nan da kututturan bara. Rannan ya ɗauki gatari ya nufe ta, ya sare sabara uku, sai ya tuna ran kasuwar Kanambakashe ce, ya jingine gatarin ya koma tudu.

A gidan Dabora kuma abinci ya fara yankewa. Ba don mugunta ba. Bazara ta yi nisa, rumbunan harawa sun kai ƙasa, kowa yana da akuyarsa da jakinsa. Gidan da ke kawo dami sai ya kawo rabi, wani ya aiko da ban haƙuri. Tiyar dusa ta ninka kuɗi. Dabora ta koma kaɗo 'ya'yan gawo da doguwar gora tana haɗa musu da karan dawa. Ana cikin haka kafinta ya aiko a ce tol ya ƙara kuɗi, kuma mai kanti ya ce zai sake ƙarawa.

Ran Lahadi bayan sujada Enoch ya roƙi kowa ya tsaya. Suka zauna gindin itacen bedi, maza a benci, mata a tabarma. Ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji, bai rage komai ba. Matthieu ya fito da takarda. Shekara uku yana rubuta farashin da ake faɗa a rediyo, ya ja layi ya nuna yadda yake hawa kowace shekara kwana goma sha biyar kafin Layya. Saura mako biyar, in ji shi, a daure. Tsoho Rabo, wanda ya fi kowa shekaru, ya ce shi a saninsa rago ake nema da Layya ba sa ba, kuma hadari ba ya duba takarda, in ruwa ya sauka a kan waɗannan azara sai a nemi inda za a yi sujada. Wata ta ce a sayar da guda a bar guda. Wani ya ce a yanka a kasa, a sayar wa gari. Aka yi ta magana har inuwa ta gusa.

Enoch ya ce to a ɗaga hannu, masu son a sayar da masu son a jira. Aka yi 'yar dariya, babu wanda ya ɗaga. Daga ƙarshe wani ya ce, "Duk abin da ka gani, Baba Enoch, shi ne. Mun yarda da kai." Kowa ya amsa, aka fara naɗe tabarmi.

Enoch ya koma gida. Ya tuna wani mutum da aka taɓa bai wa geron majami'a ya sayar, shekara ashirin da suka wuce. Ya sayar kafin farashi ya tashi da mako biyu. Ba wanda ya taɓa ce masa uffan, amma ba a sake ba shi riƙon komai ba, kuma har ya mutu in ya doso taro sai hira ta canja. Enoch da kansa yana cikin masu canja hirar.

A tsakiyar makon aka yi iska mai ƙarfi da yamma, gabas ta yi baƙi, aka ga walƙiya can nesa. Ba a yi ko yayyafi ba, amma washegari surukin ya ce a wajen Kanambakashe an sha ruwa, wasu har sun yi shuka. Da hantsi Dabora ta yi sallama a gidan Enoch, abin da ba ta saba ba. Hasana ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama.

"Abin da ya rage mani bai wuce na kwana biyar ba," in ji ta. "Bayan nan naman da muka tara zai hwara zubewa. Kasuwa mai zuwa za mu tahi, ni da kai."

"Inna, kasuwar shanu ba wurin zuwanki ba ne. Rana, ga turereniya."

"Na sani. Kuma ba da ƙahwa za su tahi ba, ka nemo mota."

Ya nemo wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya a jika goma sha biyar. Sai da maza shida suka taru kafin jan ya yarda ya hau. Dabora ta zauna gaba kusa da direba, ta ɗaura zanen da take zuwa sujada da shi. Enoch yana baya riƙe da igiyoyi. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya duba ƙafar farin.

Kamiyo huɗu suka tarar. Ramammun sun fi na wancan karon yawa, har da shanu masu ciki, ana ba da wasu a kuɗin da bai kai na ragon kirki ba. Jibo ya durƙusa ya gai da Dabora, ya samo mata kujera a rumfar mai shayi inda za ta iya hango komai. Ta ƙi, ta ce a kai kujerar kusa da shanun.

Tayin farko ɗari biyu da saba'in ne a jan, ɗari biyu da arba'in a farin.  Jibo bai ko dubi Enoch ba, ya ce albarka da kansa, ya shiga cikin kasuwa. Ya daɗe. Ya dawo da mutum biyu, wani falke daga Maraɗi da wani mahaucin Tasawa mai suna Na Allah, gajere mai kauri, wanda ke kai nama gidajen abinci. Na Allah ya daɗe yana latsa cinyar farin. Ya ce dabba ta yi, wanda ya kiwata ta ya san aiki, amma shi ma nama ba ya tafiya, mutane sun koma sayen na dala ɗari. Aka yi ta ja. Jibo ya kama hannun wannan, ya saki ya kama na wancan, gumi na zuba daga hularsa. Da azahar ta gabato magana ta tsaya: jan ɗari uku ga falken, farin ɗari biyu da hamsin da biyar ga Na Allah.

Ɗari biyar da hamsin da biyar. Ƙasa da abin da Enoch ya ƙi wata guda da ya wuce, ga dusar da aka ci a tsakani, ga kuɗin mota. Jibo ya ce masa a hankali iyakar ƙoƙarinsa ke nan. Enoch ya dubi shanun, ya dubi bakin hanya, ya dubi gabas. Sama fes take, babu ko gajimare. Ya taka ya je wajen motar, ya dawo, ya sake komawa. Falken ya fara duba agogo.

Wayarsa ta yi ƙara. Matthieu ne. Kafin ya amsa Dabora ta miƙo hannu.

"Matthieu, ni ce," in ji ta. Ta saurara na ɗan lokaci. "Na ji. Mako huɗu. To buhu huɗu na dusa suke ci, da harawa dami ashirin. Za ka kawo mani su gobe?"

Enoch bai ji abin da aka ce a can ba. Ta ce to, ta miƙa masa wayar, an riga an kashe.

"Ka sallama, Enoch. Wanda ke da magana ya zo ƙohwata. Ni na ciyar da su, kuma ni na gani da idona."

Ya ce ya sallama, a hankali, sai da Jibo ya matso da kunne. Ya sake cewa ya sallama. Aka tafa hannu. Da Na Allah ya kwance igiyar farin, bijimin ya tirje ya juyo wajen Dabora. Ita kuwa ta juya baya tana gyara ɗaurin kallabinta har aka yi nisa da shi. Jibo ya sayo mata fura, ta riƙe kwanon a cinya ba ta sha ba.

Ba su bar garin ba sai da suka biya kanti. Bayan la'ada da harajin kasuwa da mota, abin da ya rage ya sayi katako duka, da tol da zai rufe kashi uku cikin huɗu. Motar da ta kai shanu ita ta dawo da su. Yara suka bi ta da gudu har ƙofar majami'a. Enoch ya bayyana wa kowa yadda aka yi, Dabora na zaune a gefe. Aka ce an gode, Allah ya saka.

Ruwa bai zo ba. Mako guda, mako biyu, mako uku, sama ta bushe kamar ba ita ta yi walƙiya ba. Waɗanda suka yi shuka a Kanambakashe irin ya ƙone. Enoch ya shiga gonarsa ya yi shara, amma bai daina hawa tudu ba, ko da yake ba shi da abin sayarwa. Hasana ta ce masa mi kake nema kuma, ya ce so yake kawai ya ji.

Saura kwana goma sha biyu Layya ya ji. Mai igiya ya ce yau kasuwa ta yi daɗi. Kamiyo sun fi ashirin, har da na ƙasashen bakin teku, ana rububin duk dabba mai nama. Bijimi irin jan ya kai ɗari uku da casa'in, wasu ɗari huɗu. Enoch ya sa shi ya maimaita. Ya kira Jibo, Jibo ya ce gaskiya ne, shi ma bai zata ba, kuma falken Maraɗi bai ma kai jan ko'ina ba, a gidansa ya turke shi mako biyu ya dawo da shi kasuwa. Enoch ya zauna a kan tudun, rana na dukansa, bai sauko ba sai da Hasana ta leƙo daga bakin rijiya ta yafato shi. Abin da ya kuɓuce musu ya isa ya ƙarasa rufin har a yi ƙofa sabuwa.

Labari ya kai ko'ina kafin yamma. Ba wanda ya ce masa komai. An gaishe shi kamar kullum, ko kuma gaisuwar ta ɗan gajarta, ya kasa tantancewa. In ya hango mutum biyu tsaye suna magana sai ya sake hanya. Dabora ta ce masa mutum guda ne ya zo ƙofarta, ta ba shi amsa, ta ƙi faɗin ko wane ne.

Hasana na da rago da ta turke tun kaka, fari ƙal, ana ta zuwa tayawa. Da shi za ta yi wa 'yarsu kayan ɗaki. Wata safiya tana ba shi ruwa Enoch ya zo ya tsaya a kanta. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce in ta yarda a sayar da ragon a sa kuɗin a tol, bayan kaka zai saya mata biyu.

Ta ajiye bokitin. "Ka ci wani abu a kuɗin nan, Maigida?"

"Kin san ban ci ba."

"To in ka kai kuɗin ragona mi za a ce? Za a ce ka maido. Ba na ba ka."

Ya ce ba ta gane ba, abin a kansa yake. Ta ce ta gane sarai, gida goma sha huɗu suka ƙi ɗaga hannu, ba za a ɗaga da ragonta ba. Ya fita bai karya ba. Ya zagaya gona, ya zagaya rijiya, ya dawo ya tarar ta ajiye masa kunu a inuwa. Ba su sake tayar da maganar ba. Ta sayar da ragonta kwana uku kafin Layya, ta ƙulle kuɗinta.

Ran Asabar ɗin da aka fara aiki, maza suka taru suka sauke tsohon rufi. Da aka cire ƙasar aka ga azarar da suka tsage ba biyu ba ne, biyar ne, gara ta cinye cikinsu. Wasu suka ce an auna arziki, wasu suka ce ai da ta kai wani mako huɗun ma. Matthieu ya zo a kan babur da guduma a ɗaure a baya. Shi da Enoch suka haɗu a kan katako guda, ɗaya na riƙe tol ɗaya na bugawa. Suka yi layi biyu. Can Matthieu ya cire ƙusa daga bakinsa.

"Na hwaɗa, Baba," in ji shi. "Amma ban kawo dusa ba."

Enoch ya ce ya miƙo masa ƙusa. Suka ci gaba.

Tol ya ƙare saura taku huɗu a kai bangon baya. Aka rufe wurin da zana biyu da leda, aka danne da duwatsu. Ran Lahadi Enoch ya ce daga yau kada a sake ba shi sayar da komai, ko kaza ce. Tsoho Rabo ya ce a bar maganar sai bayan kaka. Ba a ce i ba, ba a ce a'a ba. Aka juya zama, mata da yara suka matsa gaba ƙarƙashin tol, bencin maza ya koma baya.

Sai cikin watan Yuli ruwan kirki ya sauka, ran Lahadi da hantsi. Enoch na tsaye yana karatu iska ta fara kaɗa ledar baya. Ɗigon farko suka faɗo ɗaya ɗaya, yara suka ɗaga kai. Sannan ya zubo gaba ɗaya. Babu wanda ya taɓa jin ruwa a kan tol a cikin ɗakin nan, ƙarar ta cika ko'ina, wani jariri ya fasa kuka ba a ma jinsa. Enoch ya ɗaga murya, ya sake ɗagawa, ya ga bakinsa kawai suke kallo. A baya zanar ta jiƙe ta fara zuba, maza suka miƙe suka ja benci gaba, ana matsawa, ana ɗaga ƙafa, Rabo ya rufe kansa da rigarsa. Enoch ya sa yatsa a inda ya tsaya ya rufe littafin, ya jira a tsaye.

Ruwan ya daɗe. Da ya tsagaita ya buɗe ya ƙarasa karatun da sauri, ya gajarta addu'a, don rabin mazan sun riga sun fara leƙen ƙofa, hankalinsu na kan iri da sungumi. Shi ma nasa irin yana rumbu, bai ko sussuke ba.